Iyafis mai ƙara a kuɗi kaɗan: wanne za a saya, kuma me yake yi wa kunne?

Ɗalibi daga Ƙaura Namoda:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan abin sauraro na kunne, ko iyafis ko hedifon, wanda ƙararsa take da ƙarfi sosai amma kuɗinsa bai wuce naira 10,000 ba. Ɗakin da nake haya yana jikin wani shagon cajin waya, kuma daga la'asar har tsakar dare janareta ba ya hutawa, saboda haka ko na ƙure muryar waya, darussan da nake saurara ba sa fita yadda ya kamata. Wanda nake da shi yanzu irin mai tauri ne da ake ɗorawa a bakin kunne. Wanne ne ya fi ƙara a cikin waɗanda ake samu a Gusau?

Mai shagon kayan waya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Da wannan kuɗin za ka sami mai waya na ƙwarai, har ka sami ragowar kuɗi, amma idan na Bluetooth kake so, to yawancin abin da za a miƙo maka a wannan farashi jabu ne, an buga masa sunan babban kamfani a kwali kawai. Shawarata ita ce ka nemi na kamfanin da kayansa suke shigowa ƙasar nan ta hanyar dillalai sanannu, kamar Oraimo, ka duba hatimin kwalin, sannan ka gwada shi a wayarka kafin ka biya. A bayan kwali akwai lambobi biyu da mutane ba sa kulawa da su. Ta farko ana rubuta ta da ohm, kuma ga wayar hannu abin da ya dace shi ne 16 zuwa 32, domin wanda ya haura haka sosai yana buƙatar ƙarfin da waya ba ta iya ba shi. Ta biyu ana rubuta ta da dB, tana nuna yawan ƙarar da zai fitar da ɗan ƙarfin da ya samu. Wanda ya kai 100 ko ya ɗara zai yi maka ƙara har ka rage da kanka.

Malamin kimiyya, Gusau:
Bayanin mai shago a kan lambobin daidai ne, sai dai ina ganin tambayar ce take buƙatar gyara, kuma ina roƙon ɗalibinmu ya yi haƙuri ya karanta wannan har ƙarshe. Matsalarka ba ƙarancin ƙara ba ce, janareta ne yake shiga kunnenka tare da darasin. Iyafis mai tauri ba ya toshe ramin kunne, don haka hayaniyar waje tana wucewa ta gefensa, kai kuma kana ƙara murya domin ka rinjaye ta. Idan ka sayi wanda ya fi ƙara, kunnenka zai ɗauki janareta da darasi gaba ɗaya, a matakin da ya fi na yanzu.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira tsakanin mutum biyu tana kusan 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi zai iya sauraren desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako ba tare da ya cutu ba, yaro kuma 75. Abin da yake ruɗar mutane shi ne ma'aunin ba ya tafiya kamar na awon hatsi: duk ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka, lokacin da kunne zai iya jurewa kuma ya ragu da rabi. Shi ya sa a desibel 90 abin da ya rage maka sa'o'i 4 ne a mako, a 95 sa'a ɗaya da kwata, a 100 kuwa kimanin minti 20 ne a mako guda cur. Waya da iyafis na kasuwa, idan aka ƙure su, suna iya kaiwa 100 ko su wuce. Wanda yake zama daga magariba zuwa sha ɗaya na dare da murya a ƙure ya cinye rabon makonni da yawa a zama ɗaya.

Wani matashi daga Talata Mafara:
Malam, da girmamawa, amma ni ban gamsu ba. Mun taso muna ganin makaɗan kalangu da na ganga sun tsufa a cikin sana'arsu, kuma ana magana da su suna amsawa. Ni kaina na daɗe ina jin waƙa da murya a ƙure, kuma har yau ina jin kiran salla daga masallacin da yake nesa da gidanmu. Anya wannan ba tsoratarwa ba ce irin ta mutanen waje?

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:
Ɗan'uwa, tambayarka tana da kyau, domin ita ce tambayar da kusan kowa yake yi kafin abin ya same shi. Jin kiran salla daga nesa ba hujja ba ce cewa kunne lafiya yake. A can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa guda uku, akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ruwa, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi siriri kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ne suke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda iska take kwantar da shinkafa a fadama: idan sau ɗaya ne takan miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu, idan kuwa kullum ne sai ta karye. Waɗannan ƙwayoyi idan suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam, kuma har yau babu maganin sha ko allurar da take dawo da su.

Waɗanda suke fara lalacewa su ne masu kama siririn sauti, musamman wajen 4,000 na Hertz, ma'aunin sirantar sauti da kaurinsa. Murya mai kauri da ƙarfi, kamar ta ladani a lasifika, tana shiga yadda ta saba. Abin da yake fara ɓacewa shi ne haruffa masu siririn sauti irin su s da f da sh da ts, sai mutum ya riƙa jin ana magana amma kalmomin suna cakuɗe masa, musamman a wurin ɗaurin aure ko cikin kasuwa inda muryoyi suka yi yawa. Irin wannan mutum ba ya cewa ba ya ji, cewa yake yi mutane sun daina buɗe baki idan suna magana. Game da makaɗa kuwa, zauna kusa da dattijon da ya daɗe a sana'ar ka lura da yadda yake juyo da gefe ɗaya na kansa yana kallon leɓen mai magana. Kuma shi makaɗi yana tashi daga wurin biki ya huta, gangarsa tana cikin fili. Naka sautin yana cikin ramin kunne, ga shi kullum.

Wani matashi daga Talata Mafara:
To Hajiya, ta yaya mutum zai gane ya wuce iyaka, tunda ba mu da na'urar awo?

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:
Akwai alamomi da ba sa buƙatar na'ura. Idan ka cire iyafis ka ji kunnenka yana ƙugi ko yana wani siririn fito, ko ka ji muryoyin mutane kamar daga bayan ƙofa suke zuwa, to a ranar ka wuce iyaka, ko da abin ya washe da safe. Idan wanda yake tsaye nisan hannu ɗaya da kai sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ko kuma wanda yake zaune kusa da kai a mota yana jin abin da kake saurara, ƙarar ta yi yawa. Ƙugin nan shi ne abin da ya fi ba ni tausayi a wurin matasa, domin idan ya zauna ba ya tashi, kuma da dare, lokacin da gari ya yi tsit, ya fi damun mai shi har ya hana shi barci. Sannan maganar ba ta mutanen waje kaɗai ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa wani ɓangare na jinsu saboda irin wannan sauraro, kuma wayoyin da suke hannunsu su ne dai suke hannunmu.

Mai shagon kayan waya, Tudun Wada:
Ba na musun abin da Malam da Hajiya suka faɗa, amma ina so a dubi halin da mai saye yake ciki. Duk wanda ya zo shagona, gwajinsa ɗaya ne: ya sa a kunne, ya ƙure murya, idan ya ji kansa yana girgiza sai ya ce wannan shi ne gangariya. Idan na ba shi mai laushin sauti sai ya ce na ba shi mataccen kaya, ya wuce shago na gaba. Mai kashe hayaniyar waje da lantarki kuwa, wanda ake rubuta ANC a kwalinsa, na gaskiyarsa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi nesa ba kusa ba, na arahar kuma rubutu ne kawai a kwali. To mai naira 10,000 ina zai sa kansa? An ce araha ba ta ado, amma talaka da ita yake rufa wa kansa asiri.

Malamin kimiyya, Gusau:
Alhaji, a nan ne nake ganin maganar ta yi daɗi, domin abin da ɗalibin yake buƙata yana cikin kayan arahar da suke rataye a shagonka. Iyafis mai waya, mai robar nan mai laushi da take shiga cikin ramin kunne, yana tare hayaniyar waje da jikinsa kawai, ba batir ba caji, kuma a garin da wuta take zuwa ta ɗauke wannan ba ƙaramar riba ba ce. Sharaɗinsa shi ne robar ta zauna daidai. Na ƙwarai yana zuwa da roba kala uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, amma yawancin mutane suna jefar da ɗan ƙunshin tare da kwali, su yi ta amfani da wadda suka tarar a jiki. Gwajin da ya kamata a yi a shago shi ne a sa shi a kunne ba tare da an kunna komai ba, a saurari titi. Idan ƙarar babura ta ja da baya, muryarka kuma ta yi maka kauri a cikin kai, to ya toshe. Daga nan sai a kunna magana, ba kiɗa ba, a rabin murya, a ji ko kalmomi suna fita tsaf.

Wannan gwaji zai kuma tona asirin jabu. Lasifikar da take cikin jabu tana tsatstsage sauti, magana ba ta fita sarai, shi ya sa mai shi yake ta ƙara murya yana neman abin da ba ƙara ce za ta ba shi ba. Haka kuma kaurin kiɗan da matasa suke so yana zurarewa idan robar ba ta toshe ba, sai su ɗauka ƙarfi ne ya gaza. Wanda ba ya son abu a cikin kunne zai iya neman hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya, mai kauri a soso, sai dai a zafin Maris da Afrilu na Zamfara gumi ba zai bar shi ya daɗe da shi ba, kuma soson na araha yana saɓulewa da wuri. Gaskiya ne cewa ANC na gaske yana aiki sosai a kan gurnani mai ɗorewa irin na janareta, amma ba dole ne sai da shi ba.

Ɗan kabu-kabu, Sabon Gari:
Ni kunne ɗaya nake sa wa, ɗayan in bar shi a buɗe saboda hon ɗin motoci. Ina ganin hakan ya raba mini haɗarin gida biyu.

Malamin kimiyya, Gusau:
Ɗan'uwa, ina jin tsoron bai raba ba. Sautin da yake shiga kunne biyu ƙwaƙwalwa tana jin sa da ƙarfi fiye da wanda yake shiga kunne ɗaya, saboda haka mai kunne ɗaya yakan ƙara murya fiye da yadda zai yi da biyu, ga injin babur da iska suna faɗa da shi. Kunnen nan guda shi yake ɗaukar nauyin duka. Kuma abin da na ce game da roba mai toshewa na wanda yake zaune a ɗaki ne. A kan titi toshe kunne haɗari ne ga ranka da na fasinjanka. Abin da ya fi shi ne ka bar sauraron sai ka tsaya a inuwa kana jiran fasinja.

Wata uwa daga Bunguɗu:
Allah ya saka muku da alheri. Ni damuwata 'ya'yana ce. Babbar tana kwana da iyafis a kunne tana sauraren karatun Alƙur'ani domin hadda, ƙaramin kuma yana karɓar wayata ya yi wasa da shi. Ba na so in hana ta abin alheri.

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:
Yaya, ba sai kin hana ta ba, Allah ya ba ta albarkar karatun. Kunne dai yana lissafin ƙarfi da tsawon lokaci ne, ko mene ne ake saurara, kuma wanda ya yi barci da abu a kunne ya ƙara sa'o'i shida ko bakwai a lissafinsa ba tare da ya amfana da su ba. Ta ajiye wayar a gefen matashin kai da murya ƙasa-ƙasa, ko ta saita ta ta kashe kanta bayan rabin sa'a. Ga ƙaramin kuma, yawancin wayoyi suna da wurin da ake ƙayyade iyakar murya a cikin saitin sauti. A Samsung har lambar sirri ake iya sa masa, a iPhone kuma ana iya zaɓar desibel ɗin da ba za a wuce ba. Gargaɗin nan da yake fitowa a fuskar waya idan an kai wani mataki, wanda kowa yake dannawa ya wuce, ba ado ba ne: ƙa'idar ƙasashen Turai ce ta sa a yi gargaɗi a desibel 85, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya sun fitar da ma'auni ga masu ƙera waɗannan na'urori. Ki kuma hana su musayar iyafis a tsakaninsu, ki riƙa cire robar ana wankewa da ruwa da sabulu a bar ta ta bushe, domin ciwon kunne yana bin wannan hanya.

Ɗalibi daga Ƙaura Namoda:
Na gode ƙwarai. Na taɓa jin an ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na murya, kuma kada a wuce minti 60 a zama ɗaya. Shin wannan ya wadatar?

Malamin kimiyya, Gusau:
Ma'auni ne mai amfani domin yana da sauƙin riƙewa, amma kada ka ɗauke shi tamkar awon likita, domin kashi 60 a wata waya da wani iyafis ba daidai yake da kashi 60 a wasu ba. Mai lambar dB babba, irin wanda Alhaji ya ambata, zai fi ƙara a mataki ɗaya. Ka saita muryar a lokacin da janareta yake kashe, a matakin da kake jin kowace kalma ba tare da wahala ba, sannan ka riƙe wannan matakin idan an tayar da shi. Idan ya gagara ji, robar za ka gyara, ko ka matsa daga jikin bangon, ko ka mayar da sauraron bayan asuba.

Mai injin niƙa, Tsafe:
Ina bin wannan magana tun farko kuma jikina ya yi sanyi. Ni da yarana biyu muna wuni a kan inji, kuma saboda ƙararsa muke sa iyafis mu ƙure rediyo ko waƙa, muna ganin kamar kariya ce. Yanzu idan na koma gida maiɗakina tana cewa ina ɗaga murya, kuma kunnena na hagu ba ya daina ƙugi. Hajiya, akwai abin yi, ko aikin gama ya gama?

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:
Baba, akwai abin yi, kuma ina roƙonka kada ka jinkirta. Injin niƙa shi kaɗai yakan wuce desibel 85, matakin da masana lafiyar ma'aikata suka ce kada a wuce sa'o'i 8 a cikinsa, to idan aka ɗora waƙar da ta rinjaye shi, kunne yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa tun kafin azahar. Daga gobe ku ajiye iyafis a lokacin aiki. Sannan ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a duba ka. Ka fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da take Gusau, idan ana buƙatar ƙarin awo za a iya tura ka asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da take Kaduna. Awon ba ya da zafi: za a sa maka hedifon, a riƙa sako sauti siriri da mai kauri, kana ɗaga hannu idan ka ji. Wani lokaci ana tarar da dattin kunne ne ya taru ya toshe, musamman ga masu tura tsinken ashana ko gashin kaza ko auduga, kuma wannan ana cire shi ji ya dawo. Ka gaya wa likita duk maganin da ka sha ko aka yi maka allurarsa, domin kwinin yana sa ƙugi, wasu allurai irin su jentamaisin kuma suna iya taɓa ji. Kada ka ɗiga man ja ko ruwan wani ganye. Abin da ya riga ya lalace ba zai dawo ba, amma ana iya tsare abin da ya rage, kuma akwai na'urar taimaka wa ji ga wanda ya buƙata. Ga kowa da yake zauren nan kuma: wanda ya wayi gari kunnensa ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ya tafi asibiti a ranar, domin irin wannan kwanakin farko ne ake iya cetonsa.

Mai shagon kayan waya, Tudun Wada:
Malam, idan na aika Kano a kawo mini abin toshe kunne na ma'aikata domin irin su Baba da masu walda da masu casar shinkafa, me zan ce a duba?

Malamin kimiyya, Gusau:
Iri biyu ne, Alhaji. Akwai na soso ƙanana masu araha da ake turawa cikin kunne, akwai kuma mai kama da hedifon wanda ba ya da waya, yana rufe kunne gaba ɗaya. A kwalin za a ga SNR ko NRR da lamba a gabansa, wadda take nuna yawan ƙarar da yake ragewa. A nemi wanda ya kai 25 ko ya fi, tare da sanin cewa a wurin aiki kariyar ba ta cika kai abin da aka rubuta ba, musamman idan ba a sa shi daidai ba. Don haka ka koya wa duk wanda ya saya yadda ake sa na soson: a murza shi da yatsu masu tsabta har ya sirance, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura shi ciki, a riƙe shi da yatsa kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Ga mai niƙa, wanda hannunsa yake cikin gari da ƙura duk wuni, mai rufe kunnen ya fi dacewa, domin ana ɗora shi a cire ba tare da an taɓa cikin kunne ba, kuma yaransa biyu ma kowanne yana buƙatar nasa.